Ƙafar da Ta Fara Shiga Gidan Luom

A lungunmu, idan baƙo ya tsaya a bakin titi yana waige-waige, ba ma saurin yi masa magana. Mun san kafin ya haɗiye yawu Luom ya riga ya taso masa.

Luom maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa. Lungun kuwa ba shi da faɗi. In matarsa Tham tana soya kifi, ni ma rigata sai ta ɗauki ƙamshi. Na san shi tun yana saurayi, yana tuƙa keken nan mai ƙafa uku da ake zama a gabansa, yana kai matan kasuwa da kwandunansu. Da aka hana kekunan shiga manyan tituna ya koma acaɓa. Da gwiwa ta ƙi, ya koma kujera. 'Yar kujerar roba ce ja, a gefen mai kofi na bakin lungu, kuma tun da ya hau ta babu wanda ya sake samun damar nuna wa baƙo hanya a unguwar nan.

Ban ce bai san birninmu Saigon ba. Ya san ta, irin sanin da kaza ta yi wa tsakar gida: ta san inda ake zubar da tsaba. Shi ba ya riƙe hanya da suna ko da lamba. Lambar gidajenmu ma, in za a faɗi gaskiya, ba ta cika taimakon kowa ba. Lungu ya haifi lungu, wannan ma ya haifi nasa, kowanne da lambarsa a bayan ta uwarsa, har mai kai wasiƙa yakan tsaya ya share gumi. Luom da mutane yake auna gari. Masu talla da masu 'yan sana'o'in bakin titi su ne taswirarsa.

Amma kafin ya ba ka hanya sai ya fara auna ka.

"Daga ina, Inna?" Haka ya tare wata mata wata rana, tana ɗauke da kaza a cikin jaka, tana neman ɗakin da 'yarta ke haya.

"Daga Ca Mau, ɗan'uwa."

"Ai na gani tun daga takalminki. Laka ba ta ɓuya. To buɗe kunne, sau ɗaya nake faɗa. Ki miƙe har ki ga mai matsar rake, ƙatuwa ce, da tabo a wuya. Ki bar ta a hagu. Za ki tarar da mai faci yana barci, kullum barci yake yi. Daga shi masu taliya biyu ne, kada ki ci ta farkon, ruwa ce zalla. A ta biyun za ki karya. In kin ga mai aski a gindin bishiya kin wuce, ki dawo. Kin riƙe?"

"Mai rake, sai mai…"

"Kai! Mutanen gona. A ba ku gari a tafin hannu ku zubar."

Matar ta yi godiya har da rusunawa, ta tafi. Shi kuma ya juyo gare mu yana jiran a yi dariya. Mai kofi yakan yi, don Luom na sha a wurinsa.

Wani abu ne ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba: "Ban sani ba." In aka tambaye shi wurin da bai taɓa ji ba, sai ya ɗan dubi sama, ya tsuke baki, ya nuna da haɓa, kuma muryarsa ta fi ƙarfi a irin wannan lokacin. Na ga wani bawan Allah ya dawo da la'asar, rigarsa sharkaf, ya ce, "Baba, inda ka ce babu komai sai bango."

"A wane mai burodi ka juya?"

"Na farko."

"Ka ji! Na ce maka mai gemu."

Bai ce ba. Ina wurin. Amma mutumin ya ba da haƙuri, ya sake kama hanya.

Turawa masu yawon buɗe ido ma ba su tsira ba. Yakan karɓi taswirarsu ya juya ta sama da ƙasa, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa gawa, ya mayar musu, sannan ya nuna inda ya ga dama.

Tham ita ma baƙuwa ce ta zo. Daga My Tho ya auro ta, gashinta ya yi fari a lungun nan, amma har yau "'yar gona" yake ce mata a gaban mutane. In wani ya tambaye ta hanyar kasuwa, kasuwar da take zuwa kowace safiya, kafin ta ɗaga hannu ya ce, "Kada ki ɓatar da mutum. Zo nan, malam." Ita ba ta musu. Ɗinki take yi a bakin taga, kanta a sunkuye. Na daɗe ina yi mata kallon mace marar magana. Daga baya na gane akwai bambanci tsakanin marar magana da mai ajiya.

To, shekaru biyu suka zo wa Luom a karkace. Gwiwar ta kumbura. Ya faɗi a banɗaki. Wani abokin acaɓarsa, sa'ansa, ya kwanta rana ɗaya bai sake tashi ba, sai dai a juya shi a goge masa baki. Luom ya je dubiya ya dawo, kwana biyu bai yi wa kowa kwatance ba. A nan na san abin ya shige shi.

Ana saura 'yan makonni Tet, bikin sabuwar shekara, ya tafi wurin mai duba. Mai duba ya ce masa abin da kowa ya sani, tunda a nan kowace shekara da dabbarta: shi ɗan shekarar Ɓera ne, mai shigowa kuwa ta Doki ce, Ɓera da Doki ba sa ga maciji da juna. Ya ƙara da abin da Luom ke tsoro, cewa shekarar na iya kwantar da shi. Mafita ɗaya ce. Ƙafar da za ta fara tsallake dokin ƙofarsa da safiyar sabuwar shekara, tunda ita ke shigo da shekarar gaba ɗaya, dole ta zama ta ɗan shekarar Biri, mai fara'a, mai iyaye a raye, wanda ba ya cikin makoki. Kuma ya shiga kafin ƙarfe tara. Ƙafar Luom kansa kuwa, mai duba ya ce, ita ce mafi muni da za ta iya fara shiga gidan a bana.

Ya bi lungu gida gida yana tambayar shekarun mutane. An sami Biri biyu. Ɗaya ya binne mahaifinsa watanni kaɗan da suka wuce. Ɗayan kuma Luom ya taɓa ce wa surukinsa baƙauye a bainar jama'a, don haka mutumin ya ce a gaya wa Luom ƙafarsa na ciwo.

Tham ce ta ce, ba tare da ta ɗago daga ɗinki ba, "Mijin 'yar ƙanwata Biri ne."

Thiet ke nan, mai sayar da kwakwa a My Tho. Sau ɗaya Luom ya taɓa ganinsa, ranar bikinsa, yana siririn saurayi. Tun daga nan duk lokacin da ya ce zai kawo gaisuwa sai Luom ya ce gidan ba wuri. Thiet bai san Saigon ba. An ce ya taɓa ratsa ta a bayan mota yana barci. Amma mutum ne mai sauƙin kai. Da aka roƙe shi ya bar iyalinsa da safiyar Tet ya hau babur ya zo, dariya ya yi ya ce ai girmamawa ce.

Ina zaune a ƙofata ranar da Luom ya yi masa kwatance ta waya. Ba sai na kasa kunne ba, har bakin titi ana ji.

"Lamba? Kai mai kai wasiƙa ne? Lamba ta ɓatar da waɗanda suka fi ka. Saurara. In ka sauko daga gada za ka ga mai matsar rake…"

Ya jero su duka: mai rake, mai faci, mai yanka makulli, makahon da ke sayar da tikitin caca, mai taliya ta biyu. Tham ta ce a hankali ko a sa wani ya tarye shi a gindin gada. Luom ya rufe bakin wayar da hannu.

"Ni zan yi wa mutum kwatance sannan a je tarbarsa? A ce me a lungu?"

Da ya ajiye wayar na ce masa, "Luom, mai raken nan 'yar ina ce?"

"Quang Ngai. Me ya faru?"

"Mai facin fa?"

"Shi ma can wajen. Yaya Nam, kana ƙidayar jama'a ne? Sha shayinka."

Na sha shayina. Mutum yakan san abu biyu shekara da shekaru bai taɓa ajiye su kusa da juna ba. Luom ya san garin nan yakan zube kamar buhun da aka farke in Tet ta matso, kowa ya ɗaure kayansa a babur ya nufi garin iyayensa. Sai dai shi kwanakin Tet a ɗaka yake yin su, da karta da kwalba. Bai taɓa yi wa kowa kwatance a cikinsu ba.

Safiyar ta zo. Ni surukina ne ya fara shigo mini tun da sassafe, kamar kowace shekara, don haka na fito da kujerata na zauna. Lungu tsit, sai ƙamshin turaren tsinke. Babu ƙarar babur, babu mai kiran burodi. Kowace ƙofa da tukunyar furanni masu rawaya, kowane gida da jar tuta. Mutane na leƙowa daga ƙofofinsu suna yi wa juna barka daga nesa, babu mai taka gidan wani, kada ya zama shi ne farko ba a gayyace shi ba.

Luom na tsaye daga cikin ƙofarsa, sabuwar riga fara, gashi ya sha mai. A bayansa Tham ta gama shirya teburin da ake ajiye wa kakanni marigaya abinci: kankana, shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, naman alade da ƙwai da ta dafa a ruwan kwakwa. Wayar na hannunsa. Ta yi ƙara.

"Kawu, barka da sabuwar shekara! Na sauko daga gadar."

"Madalla, ɗana, madalla. Ka ga mai rake?"

"Babu kowa, Kawu."

"Duba dai da kyau. Ƙatuwar mace ce, ba ta ɓuya."

"Kare kawai nake gani. Yana kwance."

A rana irin ta yau ba a zagi, ba a ɗaure fuska. Abin da baki ya fara furtawa shi zai bi mutum har ƙarshen shekara. Don haka Luom ya yi murmushi. Irin murmushin gasasshen kan akuya.

"Ba komai, ɗan albarka. Wuce gaba. Mai faci fa?"

"Ban ga faci ba."

"Mai makulli?"

"Kawu, duk ƙofofi a rufe suke. Ko an yi gudun hijira ne?"

A daidai nan Muoi ta fito da kwandon furanni za ta gidan ibada. Muoi gwauruwa ce, dafaffiyar masara take sayarwa, kuma ita kaɗai ce a cikin masu talla ba ta zuwa ko'ina da Tet, don ba ta da sauran kowa a garinsu. Ita da Luom sun daɗe ba sa shiri, tun da ya cire ta daga kwatancensa ya ce masararta ba ta isa alama ba.

"Yaya Luom, barka da shekara," ta ce. "Ka ce masa ya bar karen a hagu mana."

"Barka kadai, ƙanwata," ya ce ta tsakanin haƙora. "Ki sauka lafiya."

"In ya tashi ya tafi kuma, sai a nemi kyanwa."

Ta wuce tana dariya ƙasa ƙasa.

Wayar ta yi ta kai da kawowa. Thiet ya shiga wani lungu ya fito ta wani. Ya tarar da bango. Ya dawo wurin karen, ya ce yanzu karnuka biyu ne, ko kuma ba wurin ba ne. Ya nemi lambar gidan. Luom ya faɗa, da kyar, kamar ana cire masa haƙori. Thiet ya sami lungu mai lambar farko, ya sami mai ta biyu, ta uku ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Babu kuma wanda zai tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai da wanda za a tambaya.

Rana ta fara hawa bangon gidana. Na ce, "Luom, surukina na nan da babur. Ya leƙa maka?"

Ya dube ni. Na ga tsoron a idonsa, tsoron gadon nan da abokinsa ke kwance a kai. Na ɗauka zai ce to. Sai ya dubi ƙofofin da ke buɗe, da kawunan da ke leƙe.

"Surukinka? Wanda ya zo garin nan jiya? Na gode, Yaya." Ya mayar da wayar kunne. "Ɗana, gaya mini abin da ke gabanka."

"Shago ne a rufe, ƙofar ƙarfe koriya. Akwai tukunyar fure mai rawaya. Da tuta."

"Na gane wurin! Kada ka motsa. Ga ni nan."

Na dubi lungunmu. Daga inda nake zaune ina ganin ƙofar ƙarfe koriya uku, kowacce da furenta da tutarta.

Ya turo tsohon baburinsa waje. Fita ba laifi ba ce, shigowa ce abin tsoro, kuma ya san hakan, don ya ce zai sa baƙon a gaba in sun dawo. Kafin ya tayar ya nuna Tham da yatsa.

"Ki tsaya a ƙofar nan. Kada kowa ya shiga sai na dawo. Kin ji? Kowa."

"Na ji."

Ya tafi. Bai daɗe da ɓacewa ba sai ga Muoi ta dawo, kwandonta babu furanni, a bayanta wani ƙaton mutum mai tumbi yana tura babur, an ɗaura masa kwakwa har ta rufe fitila. Dariya yake yi, gumi na zuba.

"Ga Birinku," in ji Muoi. "A bayan lungun nan na tsince shi, jikin bangon makaranta. Da ya yi tari da kun ji."

"Inna!" Thiet ya kafe babur, ya cire hular kwano, ya gyara riga. Ya nufi ƙofa da hannu biyu a haɗe, ya ɗaga ƙafa.

"Dakata, ɗana," in ji Tham.

Ƙafar ta tsaya a sama.

"Mai gidan ya ce kada kowa ya shiga sai ya dawo."

"Haba, Tham!" Muoi ta tafa hannu. "Ai wannan ne ake jira tun asuba! Bar shi ya shiga, lokaci na tafiya."

"Kowa ya ce. Bai ce ban da wane ba."

"Kin san abin da yake nufi."

"Ni ban san al'adar birni ba," in ji Tham. "Abin da aka ce mini shi nake yi."

Na dubi fuskarta da kyau. Babu komai a kai, kamar ruwan randa. Ban sa baki ba. Umarnin miji ne ga matarsa a ƙofar gidansa.

Thiet ya ce to a kira Kawu mana. Ya danna. Wayar ta yi ƙara a cikin falo, kusa da kankana, inda Luom ya ajiye ta lokacin da yake turo babur. Tham ta juya ta kalle ta har wayar ta gaji ta yi shiru.

Na ba baƙon kujera a inuwar ƙofata, na zuba masa shayi. Mutumin kirki ne. Ya ba ni labarin kwakwa, yadda ruwan gishiri ke shigo musu gonaki, da yadda mahaifiyarsa ta ce ya gaida birni. Tsakaninsa da dokin ƙofar Luom bai fi a miƙa hannu ba. Lokaci lokaci yakan dubi agogon bangon falon, wanda ake hangowa daga waje, ya dubi Tham. Ita kuma tana tsaye inda aka ce ta tsaya.

Abin da Luom ya gani a can, daga baya muka ji shi gutsure gutsure. Ya fita titin da ya yi rayuwarsa a kai ya tarar da shi kamar fuskar da aka aske wa gira. Babu rumfa, babu keken talla, babu hayaƙin gashi. Kwanar da ya saba ganewa da warin taliya ta zama kwana kawai, irin sauran. Ya je ƙofa koriya ta farko, ba kowa. Ta biyu, ba kowa. An ce ya haura gadar ya sauko, ya sake haurawa.

Saura kaɗan tara ta cika muka ji ƙarar baburinsa. Ya shigo lungu da gudun da bai dace da mai gwiwa ba, farar rigar ta manne a bayansa, man gashi ya gangaro masa har gira. Murmushin ya riga ya faɗi a hanya.

"Yaya Luom, tsaya!" in ji Muoi.

"Luom," na ce, na ɗaga hannu.

Ya ɗauka ba'a za mu yi masa. Ko kallonmu bai yi ba, balle ƙaton da ke shan shayi a gefena, wanda bai yi kama da siririn angon da ya sani ba. Wayarsa yake so. A nan kuwa kowane gida da ɗan gangaren siminti a bakin ƙofa, don a falo babur ke kwana, kuma wanda ya yi shekaru yana dawowa gida a gajiye ba ya tunani a kansa. Hannu ne ke murɗawa da kansa. Tham ta matsa gefe, kamar yadda take matsawa kowace yamma. Babur ya hau gangaren, ya tsallake dokin ƙofa, ya tsaya a gaban teburin kakanni. Luom ya sauke ƙafarsa a kan tayil.

"Tsinannen baƙauye!" ya ce da ƙarfi. "Jakin gona! Ina wayar nan?"

Har wanda ke tauna 'ya'yan kankana a ƙofar can ya daina.

Thiet ya miƙe, ya ajiye kofin shayi a hankali, ya haɗa hannu. "Kawu, barka da sabuwar shekara. Ni ne Thiet."

Luom ya juyo. Ya dubi mutumin, ya dubi kwakwar da ke kan babur a waje, wadda ya wuce ta gefenta bai gani ba. Sannan ya dubi ƙasa, inda ƙafarsa take. Agogon da ke saman kansa bai kai tara ba tukuna.

Abin da ya yi bayan haka ban so na gani ba, amma na gani. Ya ɗage ƙafar ya mayar kan babur. Ya fara ja da baya da ɗaya ƙafar, a hankali, a hankali, kamar mai fita daga ɗakin da jariri ke barci, har ya sauko gangaren ya tsaya a waje.

"Shiga, ɗana," ya ce. "Shiga. Ai ban sauka ba sosai."

"Ka sauka," in ji Muoi. "Har ka gaisa da kakanni."

Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi. Ranar ba ta dariyar mutum ba ce. Amma ƙofofi da yawa sun rufe a lokaci ɗaya, kuma bangon gidajenmu ba shi da kauri.

Thiet ya shiga, na biyu. Ya yi duk abin da ake yi: ya kunna turare, ya yi fatan lafiya da tsawon rai da arziki mai shigowa kamar ruwan kogi. Ya faɗe su da zuciya ɗaya. Tham ta zuba masa nama da ƙwai, ta ƙara masa, ta zauna kusa da shi tana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har na ji dariyarta, abin da na manta yadda yake. Luom na zaune a gefe, bai ci ba. Da ya buɗe baki ya tambaye ta dalilin da ya sa ta tsare baƙo a waje, sai ta ce, "Kai ka ce."

Game da shekarar, ba ni da abin cewa. Ta zo da abin da shekaru ke zuwa da shi. Bai kwanta ba, bai kuma warke ba. Duk tarin da ya yi, duk kofin da ya fashe, ya san daga inda suka fito, kuma a bakinsa laifin na mutanen gona ne da ba sa iya bin kwatance.

Amma ya sami wani mai laifin da ya fi kusa. Kwanakin biki na wucewa na ji ƙarar guduma da sassafe. Na leƙa na gan shi durƙushe a kan gwiwar mai lafiya, yana farfasa gangaren simintin ƙofarsa. Ya fasa shi tas, ya share, ya zubar. Dokin ƙofar gidansa kuwa yana da tsayi, saboda ruwan da ke cika lungu da damina.

Tun daga ranar, kowace yamma sai ya kashe babur a waje, ya rungumi ƙafar gaba ya ɗaga ta ya tsallakar, ya huta, ya zagayo ya ɗaga ta baya, yana nishi. Tham na bakin taga da ɗinkinta. Bai ce ta taimaka ba, ita kuma abin da aka ce mata take yi.